Matan Indiya: makaranta ta buɗe, saura gidan miji

Bahaushe ya daɗe da sanin matar Indiya, ko in ce ya daɗe da sanin wadda ake nuna masa a majigi. Tun lokacin da ake cika gidajen silima a Kano da Kaduna da Jos, har zuwa yau da ake tura fassararrun fina-finai daga waya zuwa waya, siffarta ba ta canja sosai a idonmu ba: sari, ɗigon ja a goshi, sunkuyar da kai gaban manya, da masoyin da iyaye suka hana ta. Mun karɓe ta hannu bibbiyu ne saboda mun ga namu a jikinta, kunyar surukai da girman iyaye da auren da ba a shawarci yarinya ba. Sai dai matan Indiya sun kusa miliyan 700, wajen ninki uku na mutanen Najeriya kaf, kuma a shekaru 70 da 'yan kai ɗin nan rayuwarsu ta yi juyin da fim bai isa ya ɗauke shi ba.

Masu rubutu kan wannan juyi sun saba raba matan gida biyu. Ga 'yar birni mai wando da kwamfuta a Bengaluru, ga 'yar ƙauye mai lulluɓi da tulu a Rajasthan, wai ɗaya ta yi gaba, ɗayar kuma tana tafe, in an jima za ta iso. Ni ban ga haka ba. Abin da nake gani shi ne canjin ya yi gudu sosai a rayuwar yarinya daga ranar da ta shiga aji zuwa ranar aurenta, daga nan sai ya fara jan ƙafa. Makaranta ta buɗe mata, asibiti ya buɗe, banki da rumfar zaɓe sun buɗe. Gidan miji ne ya rage, kuma a can ake yanke hukuncin ko abin da ta samo a waje zai amfane ta. Abin da ya fi ciwo ma, sau da yawa kayan zamanin da aka zaci za su kwance ta, al'ada ce ke ɗaukarsu ta ƙara ɗaure ta da su.

Ya kamata a fara sanin inda aka fito. A farkon ƙarni na 19, a wasu manyan gidajen Hindu, musamman a Bengal da ƙasar Rajput, akan ƙona mace tare da gawar mijinta, al'adar da ake kira sati. Raja Ram Mohan Roy ya yi ta fama har gwamnatin Turawa ta haramta ta a 1829. A 1856 aka halatta wa matar Hindu da mijinta ya rasu ta sake aure, bisa ƙoƙarin Ishwar Chandra Vidyasagar. A 1848 Savitribai Phule da mijinta Jyotirao suka buɗe makarantar 'yan mata a Pune. Ana ba da labarin cewa takan fita da sari biyu, domin a hanya mutane kan jefe ta da taɓo da kashin shanu, in ta isa aji sai ta canja. Da duk wannan fama, sa'ad da aka yi ƙidayar 1951, shekara huɗu bayan samun 'yanci, mata 9 ne kacal cikin 100 ke iya karatu da rubutu. Sati ma sai da ya sake ɓullowa a 1987 a ƙauyen Deorala, inda Roop Kanwar mai shekara 18 ta ƙone a kan itacen gawar mijinta, abin da ya tilasta wa majalisa yin sabuwar doka.

Daga can zuwa yau an yi nisa, kuma bai dace a raina shi ba. A ƙidayar 2011 mata masu karatu sun kai kashi 65 cikin 100. A jami'o'i da kwalejoji sun kusa rabin ɗalibai. Babban binciken lafiyar iyali da aka yi tsakanin 2019 da 2021 ya nuna haihuwa ta sauko zuwa 'ya'ya biyu ga kowace mace, alhali a shekarun 1950 wajen shida ne. A binciken 2005 zuwa 2006, kashi 47 na matan da ke tsakanin shekara 20 da 24 an aurar da su kafin su kai 18. A na 2019 zuwa 2021 adadin ya dawo kashi 23. Masu asusun banki da suke juya shi da kansu sun tashi daga kashi 53 zuwa kusan 79 cikin 'yan shekaru. Indiya ta yi firaminista mace tun 1966, Indira Gandhi. Shugabar ƙasar da aka zaɓa a 2022, Droupadi Murmu, 'yar ƙabilar Santhal ce daga ƙauye a Odisha. Mata ne suka jagoranci aikin kumbon Chandrayaan na biyu a 2019, kuma a wajen tuƙin jirgin sama Indiya na kan gaba a duniya wajen yawan kason mata.

Abin da ya fi burge ni a cikin duka shi ne keken Bihar. Jihar tana cikin mafiya talauci, kuma 'yan mata kan daina karatu ne da zarar sun gama makarantar ƙauyensu, domin sakandare tana da nisa, uba kuwa ba zai bar budurwa ta yi tafiyar kilomita da yawa a ƙasa ita kaɗai ba. A 2006 gwamnatin jihar, ƙarƙashin Nitish Kumar, ta fara ba 'yan matan aji 9 kuɗin sayen keke. Sai hanyoyin ƙauye suka cika da safe da 'yan mata cikin kayan makaranta, jaka a kwandon gaba, kitso biyu na lilo a baya, suna tafiya rukuni-rukuni. Masana tattalin arziki da suka bi sawun shirin sun gano shigar 'yan mata sakandare ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ba a yi wa uban wa'azi ba, ba a kuma zagi al'adarsa ba. An gano abin da yake tsoro ne aka rage masa shi.

To ina waɗannan 'yan mata suke zuwa bayan karatu? A nan lissafi ke ƙin fita. A yawancin ƙasashe in ilimin mata ya ƙaru, tattalin arziki ya bunƙasa, haihuwa ta ragu, sai mata su kwarara wuraren aiki. A Indiya an yi shekaru akasin haka ake gani, har binciken gwamnati na 2017 zuwa 2018 ya nuna kashi 23 ne kawai na mata ke aiki ko neman aiki. Adadin ya tashi zuwa kusan kashi 42 a 2023 zuwa 2024, amma in aka duba ciki, galibin ƙarin a ƙauye ne, mata masu taya miji aikin gona ko kiwon shanu ko ƙaramar sana'ar gida, da yawansu ba sa karɓar ko rupi ɗaya a hannunsu.

Dalilan suna da yawa, amma duk a ƙofar gidan miji suke haɗuwa. A gidaje da dama, fitar matar aure aiki alama ce ta cewa mijin ya gaza, saboda haka da zarar gida ya ɗan samu, abu na farko da ake yi shi ne a zaunar da amarya. Digirin yarinya kuwa yakan zama ado ne a kasuwar aure: dangin ango na son mai ilimi don ta iya koya wa yara darasi ta kuma iya zama cikin mutane, ba don ta ɗauki jaka ta fita da safe ba. Ga kuma aikin gida. Binciken da gwamnati ta yi a 2019 kan yadda mutane ke kashe lokacinsu ya nuna mace na kashe minti 299 a rana a girki da shara da wanki, namijin da ya taɓa irin wannan aiki kuwa minti 97. Matar da ta samu aikin ofis ba a rage mata komai daga wannan ba, ƙari aka yi mata. Masu ɗaukar aiki ma sun san da haka, kuma suna amfani da shi. A 2024 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da rahoton cewa a masana'antar haɗa wayar iPhone ta Foxconn da ke Sriperumbudur a Tamil Nadu, ana kauce wa ɗaukar matan aure, rahoton da ya sa hukumomi suka shiga bincike.

Wanda ke son ya gane wannan gida sai ya san yadda ake shigarsa. A arewacin Indiya, al'adar Hindu ta hana auren ɗan ƙauyenku ko ɗan zuriyarku, don haka yarinya kan tafi wani gari ne inda ba ta san kowa ba, ta zauna tare da iyayen miji da 'yan uwansa a tukunya ɗaya. Ita ce ƙarama a gidan, ita ke fara tashi, ita ke cin abinci ƙarshe. A Rajasthan da Haryana da sassan Uttar Pradesh har yau amarya kan ja gefen sari ta rufe fuska gaban surukinta da yayyen mijinta, lulluɓin da suke kira ghunghat, kuma wannan a gidajen Hindu ne, ba na Musulmi kaɗai ba. Uwar miji, wadda ita ma haka aka yi mata, ita ke riƙe da makulli. Tun yarinya tana ƙarama take jin ana ce mata paraya dhan, dukiyar wasu da aka ba iyayenta ajiya.

Zaɓen miji kuwa har yanzu a hannun iyaye yake a mafi yawan gidaje, ko da yake yanzu akan bar yarinya ta gana da saurayin, ta ga hotonsa, wani lokaci ta ce ba ta so. Abin da bai motsa ba shi ne jati, wato rukunin da aka haifi mutum a ciki, wanda ke ƙayyade da wa zai yi aure. Wani babban binciken gidaje na 2011 zuwa 2012 ya gano aure tsakanin jati daban-daban wajen kashi 5 cikin 100 ne kawai. Da intanet ta zo, an zaci za ta rushe wannan katanga. Shafukan neman aure irin su Shaadi.com da BharatMatrimony sai suka sa wa mai nema gurbin da zai zaɓi addini da jati da harshe da launin fata da albashi, aikin da dillalin aure ke yi a da ya koma hannun kwamfuta, kuma sau da yawa uba ko yaya ne ke buɗe wa yarinyar shafin. Wadda ta bi zuciyarta ta tsallake iyaka tana iya rasa danginta, a wasu ƙauyukan Haryana da yammacin Uttar Pradesh ma tana iya rasa ranta, bisa hukuncin dattawan zuriya da ake kira khap, har sai da Kotun Ƙoli ta fito a 2018 ta ce ba su da hurumin shiga tsakanin baligai biyu da suka yarda da juna. Maganar da ke rufe bakin kowace yarinya a gida ita ce log kya kahenge, me mutane za su ce. Binciken cibiyar Pew da aka fitar a 2022 ya nuna kusan mutum tara cikin goma a Indiya sun yarda dole mace ta yi wa mijinta biyayya a kowane hali, kuma bambancin amsar mata da ta maza kaɗan ne.

Sai dahej, wanda a ganina shi ne tushen mafi yawan baƙin cikin. A wurinmu namiji ke ba da sadaki. A Indiya iyayen yarinya ne ke biyan gidan ango: kuɗi, zinariya, babur ko mota, firiji, wani lokaci fili. Wanda ya taɓa ganin uba ya sayar da gona don kayan ɗaki da gara, ko ya ji dangin miji na yi wa amarya gorin gadonta, ya ɗanɗana gefen abin. Bambancin shi ne kayan ɗaki na yarinya ne, dahej kuwa dangin ango ke yanka shi, su ke riƙe shi, kuma ba ya ƙarewa ranar biki. Bayan wata shida a ce babur ɗin bai isa ba, bayan shekara a ce ana son jarin shago. In iyayenta suka kasa, sai duka da horon yunwa, wani lokaci kuma a wayi gari a ce risho ya fashe da ita a kicin. An haramta dahej tun 1961. A 1983 aka sa dokar hukunta miji da danginsa kan cutar da mace, a 1986 aka ware kisan dahej a matsayin laifi na musamman. Duk da haka hukumar tattara bayanan laifuka ta ƙasa na lissafa mace wajen 6,000 da ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara, wato wajen 16 a kullum, kuma waɗannan su ne waɗanda labarinsu ya kai ofishin 'yan sanda.

Kada a ɗauka dahej ragowar zamanin jahiliyya ne da ke dusashewa. A da ya fi yawa ne a manyan jati na arewa. A ƙarni na 20 ya bazu zuwa kudu, zuwa ƙananan jati waɗanda a da su ne ma ke biyan kuɗin amarya, ya shiga gidajen Musulmi da na Kirista. Boko da albashi ne suka ƙara masa kuɗi, domin saurayin da ke da aikin gwamnati ko digirin injiniya ko takardar zama a Amurka farashinsa daban ne. A masaƙun Tamil Nadu an daɗe ana wani tsari da ake kira sumangali, inda ake ɗebo 'yan matan talakawa, galibi 'yan Dalit, wato waɗanda tsarin jati ya ajiye a can ƙasa, a killace su a ɗakunan kwana na masana'anta su yi shekara uku suna aiki a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, da alkawarin a ƙarshe za a ba su dunƙulallen kuɗi na aure. Yarinya ta fita aiki, ta yi hulɗa da injin zamani, tufafin da ta saƙa ya tafi kantunan Turai, amma guminta duka na tafiya ne wajen sayen miji.

Daga nan ne ake gane dalilin da ya sa haihuwar mace ke zama abin fargaba. Ɗa namiji zai zauna a gida, ya kawo mata da dahej, ya riƙe iyaye in sun tsufa, shi ne kuma zai kunna wutar ƙona gawar mahaifinsa. 'Ya mace za a ciyar da ita, a biya a kai ta wani gida. Da na'urar hoton ciki ta yaɗu a shekarun 1980, wasu asibitoci har talla suke yi cewa gara ka kashe ɗan kuɗi yau da ka kashe dukiya gobe wajen aurarwa. A ƙidayar 1991, yara mata 945 ne ga kowane yara maza 1,000 a tsakanin 'yan ƙasa da shekara bakwai. A 2001 suka koma 927, a 2011 suka koma 919, a Haryana kuwa 834. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya ja hankalin duniya tun 1990 cewa akwai mata sama da miliyan 100 da ya kamata a ce suna raye a Asiya da arewacin Afirka amma babu su. Abin lura shi ne jihohin da abin ya fi muni, Haryana da Punjab, suna cikin masu arziki. Mai kuɗi da ilimi shi ke son 'ya'ya biyu kacal, shi ke son lalle ɗaya ya zama namiji, shi ne kuma ke da kuɗin sikanin. An haramta faɗin jinsin ɗan tayi a 1994, aka tsaurara dokar a 2003, a 2015 kuma Firaminista Narendra Modi ya ƙaddamar da shirin ceto 'ya mace da ilimantar da ita daga Panipat a cikin Haryanar kanta. An samu sauƙi, amma ɓarnar ta riga ta girma: a ƙauyuka da dama samari sun rasa matan aure, ana sayo musu daga Bihar da Assam da Bengal ta Yamma, matan da ba su jin yaren gidan kuma ba su da kowa kusa. A wannan jiha ce kuma aka haifi Sakshi Malik da ta ciyo wa Indiya lambar kokawa a gasar Olamfik ta 2016, da Manu Bhaker da ta ciyo lambobi biyu na harbi a 2024, daga gundumar Jhajjar, ɗaya daga cikin inda aka fi rasa yara mata.

Musulman Indiya sun kai kashi 14 na jama'ar ƙasar a ƙidayar 2011, kuma matansu na cikin wani hali na gaba kura baya sayaki. A cikin gida, al'adar ƙasa ta rinjayi hukuncin addini a wurare da yawa: sadaki kan zama ɗan abin da ake ambata a baki a jinkirta biyansa, jahez kuwa, wato dahej ɗin da iyayen amarya ke kaiwa, shi ne babba, gadon da Alƙur'ani ya yanka wa mace ma sau da yawa ba ya isa hannunta. A waje kuma, duk lokacin da suka ɗaga murya sai 'yan siyasa su mai da kukansu makami. Shah Bano, dattijuwa daga Indore da mijinta ya saka bayan shekaru masu yawa na aure, ta ci nasara a Kotun Ƙoli a 1985 kan kuɗin ciyarwa, sai gwamnatin Rajiv Gandhi ta yi doka a 1986 ta rage ƙarfin hukuncin. A 2017 Shayara Bano da ƙungiyoyin mata Musulmi suka sa kotu ta soke saki uku a zama ɗaya. A 2019 gwamnati ta mai da shi laifin ɗaurin shekara uku, matakin da Musulmi da yawa, har da wasu matan da suka goyi bayan sokewar, suke ganin an yi shi ne don a tozarta al'ummarsu, suna kuma tambayar wa zai ciyar da matar in mijin na kurkuku. A 2022 aka hana 'yan mata masu hijabi shiga aji a kwalejojin gwamnati na Karnataka, rikicin da ya faro daga Udupi, babbar kotun jihar ta goyi bayan hanin, alƙalan Kotun Ƙoli biyu kuma suka rabu. Wasu 'yan matan sun rasa jarrabawa, wasu sun bar karatun. Ni dai ban ga yadda za a ce ana 'yantar da yarinya ta hanyar rufe mata ƙofar aji ba, a ƙasar da aka sha wuya kafin a buɗe ta.

Indiya ba ɗaya ba ce. A Meghalaya, ƙabilar Khasi ta wajen uwa take ƙirga zuriya, autar mata ce ke gadon gida, miji ne ke tarewa. A Kerala mata sama da kashi 90 sun iya karatu da rubutu, kuma haihuwar mace ba ta zama abin gudu kamar a arewa ba, ko da yake dahej da zinariya sun kama jihar ƙam. Tamil Nadu ita kaɗai ke da wajen kashi 40 na matan da ke aiki a masana'antun ƙasar. Matar Dalit ko ta ƙabilun daji ba ta taɓa sanin zaman kulle ba, domin talauci bai bar ta ba. Matsalarta ita ce mai gona da ɗan kwangila da ɗan sanda.

Tsoron hanya ma gaskiya ne. Fyaɗen da aka yi wa wata ɗaliba a cikin bas a Delhi a watan Disamba na 2012, wanda ya yi ajalinta, ya fito da dubban mutane kan titi, ya haifar da kwamitin Mai Shari'a Verma da tsauraran dokokin 2013. A watan Agusta na 2024 aka yi wa wata likita mai neman ƙwarewa fyaɗe aka kashe ta a cikin asibitin da take aiki a Kolkata, likitocin ƙasar suka shiga yajin aiki. Bayan kowane irin wannan labari, wadda ke biyan kuɗin ita ce yarinyar da ke gida: a ce kar ta je kwalejin nesa, kar ta karɓi aikin dare, ta dawo kafin magariba. Alhali binciken lafiyar iyali na 2019 zuwa 2021 ya nuna kusan matar aure uku cikin goma ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi daga mijinta. Haɗarin ya fi yawa a inda ake cewa ta koma ta ɓuya.

Inda mata suka fi samun ƙafar tsayawa shi ne inda suka haɗa kai ko aka ba su kujera. A 1959 mata bakwai a Bombay suka fara murza papad, wata siririyar waina da ake busarwa, a saman bene da rancen rupi 80, ƙungiyarsu ta Lijjat yanzu tana da dubban mambobi. A 1972 Ela Bhatt ta kafa SEWA, ƙungiyar mata masu sana'ar kansu, a Ahmedabad don 'yan talla da masu ɗinki da masu dako. A 1998 Kerala ta kafa Kudumbashree, adashin unguwa da ya zama rundunar miliyoyin mata. Gyaran tsarin mulki na 73 da ya fara aiki a 1993 ya ware wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisun ƙauye, jihohi da yawa suka mai da shi rabi, yanzu zaɓaɓɓun mata a wannan mataki sun haura miliyan ɗaya. Gaskiya ne akwai ƙauyukan da matar ke da suna, mijin ke zama a kujera yana sa hannu, har ana kiransa sarpanch pati, wato mijin shugabar ƙauye. Amma binciken Esther Duflo da Raghabendra Chattopadhyay a Bengal ta Yamma da Rajasthan ya nuna ƙauyukan da mace ke shugabanta sun fi kashe kuɗi a ruwan sha, wani bincike da ya biyo baya kuma ya nuna iyaye a irin waɗannan ƙauyuka sun ɗaga burinsu a kan 'ya'yansu mata. A zaɓen 2019 kason matan da suka fito ya ɗan zarce na maza, shi ya sa yanzu jam'iyyu ke rige-rigen yi musu alkawarin kuɗin wata da bas kyauta da tukunyar gas. A majalisar tarayya kuwa mata 74 ne cikin 543 aka zaɓa a 2024, domin dokar 2023 da ta ware musu kashi ɗaya cikin uku an ɗaure aiwatar da ita da sabuwar ƙidaya da sake shata mazaɓu.

Akwai doka ɗaya da nake ganin ta fi duk sauran kusa da zuciyar matsalar, ita ce kuma aka fi yi wa shiru. A 2005 aka gyara dokar gadon Hindu ta 1956, aka ba 'ya mace haƙƙi daidai da na ɗa namiji a dukiyar kakanni tun daga haihuwa, Kotun Ƙoli ta ƙara tabbatar da haka a 2020. A takarda an gama magana. A ƙasa kuwa, ƙidayar noma ta 2015 zuwa 2016 ta nuna kashi 14 ne kawai na gonaki ke hannun mata. A Rajasthan akwai abin da ake kira haq tyag: bayan rasuwar uba, a kai 'yan mata ofishin rajistar filaye su sa hannu cewa sun bar wa 'yan uwansu maza kasonsu, a yi musu kyautar tufafi, a yabe su da 'ya'yan kirki. Akan ce ai an riga an ba ta nata a dahej, dahej ɗin da ba ta taɓa riƙewa ba.

Kuma ba wauta ke sa ta sa hannu ba. Gidan yayanta shi ne kaɗai inda za ta gudu in zaman aure ya yi zafi, shi zai zo da kaya in za ta aurar da 'yarta, shi take ɗaura wa zare a hannu kowace shekara ranar Raksha Bandhan don ya kare ta. In ta nemi gona ta rasa wannan duka. Tana sayar da haƙƙinta ne don ta sayi mafaka, alhali haƙƙin da kansa shi ne mafakar da ta fi ƙarfi. Bina Agarwal da Pradeep Panda sun yi bincike a gundumar Thiruvananthapuram ta Kerala, suka tambayi matan aure kan dukan miji. Cikin waɗanda ba su mallaki fili ko gida ba, kashi 49 sun ce an taɓa dukansu. Cikin waɗanda ke da fili da gida da sunansu, kashi 7 ne.